Sensar suga a damtsen Baba, asusu a hannun mai shago

Masu ciwon suga a Gusau da kewaye sun fara rungumar 'yar na'urar nan da ake mannawa a damtse, wato sensa, wadda ke aika ma'aunin suga zuwa waya dare da rana ba sai an huda yatsa ba. Abu ne mai amfani, har gobe mahaifinmu yana sa ta. Sai dai akwai wani mataki wajen saye da kunna ta da ba mu ji kowa ya ja kunne a kansa ba, kuma shi ya ci mana kuɗi da zirga-zirga, ya hana mu barci. Zan bi abin daki-daki yadda ya faru, ko wani ya tsallake ramin.

Baba ɗan kasuwar hatsi ne a Ƙauran Namoda, ya daɗe da ciwon, yana kan allurar insulin. Azumi na ƙaratowa sai suga ya faɗi masa wata asuba, gumi ya jiƙa masa riga, jiki na rawa, yana magana ba kan gado. Da ya farfaɗo muka ɗauko shi zuwa Gusau ranar da ake ganin masu suga. Mun isa gari bai gama wayewa ba, duk da haka mun tarar da mutane sun cika benci. Aka fara da ɗakin kati, aka je aka biya, aka dawo aka auna nauyi da hawan jini, sannan zaman jira har azahar ta kawo kai. Likita ya tura mu gwajin da ake kira HbA1c, wanda ke nuna yadda suga ya kasance a jini cikin kusan wata uku, muka biya naira 8,000, aka ce sakamako sai washegari. Da muka kai masa takardar, bai ɓoye mana komai ba. Ya ce mai allurar insulin da sugansa ya taɓa faɗuwa haka yana cikin haɗari idan ya yi azumi, kuma addini ya yi masa rangwame. Baba ya ce shi dai zai gwada. Likita ya dube shi ya ce, "To Alhaji, da sharaɗi. In ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, ka sha ruwa nan take, ko da saura minti goma a kira magariba." A nan ya kawo zancen sensa. Ya ce asibiti ba ta ajiye ta, mu nema a shagon kayan asibiti, mu duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a kwali, mu kuma tabbata wayar tana da NFC, wato fasahar da ke sa waya ta karanta na'ura idan an kara ta a jikinta. Ya ƙara da cewa kada mu yarda a sayar mana da agogon hannu ko zobe da sunan yana auna suga ba tare da ya huda fata ba, domin tun Fabrairun 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi cewa ba ta amince da ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ranar saye ina wurin aiki, ƙanena ya raka Baba. Guda ɗaya ta ci sama da naira 70,000, kuma kwana 14 take yi a cire a sa sabuwa. Wurin kunnawa aka samu cikas. Sauke manhajar da ke karanta sensar na buƙatar shiga asusun Google na wayar, Baba kuwa ko sanin yana da shi bai yi ba, wanda ya sayar masa da wayar ne ya buɗe shekarun baya. Yaron shagon, mai fara'a da saurin hannu, ya ce wannan ba matsala ba ce. Ya turo manhajar daga tasa wayar, ya buɗe sabon imel, ya cike suna da ranar haihuwa da lambar waya, duk inda aka tambaya ko an yarda ya danna an yarda. Ya goge damtsen Baba da auduga, ya ɗora, ya danna, sai ga 'yar farar faifa kamar murfin kwalba ta zauna daram. "Alhaji, na gama maka komai, kai dai ka riƙa kara waya." Ƙanena har tukuici ya ba shi, don a idonsa yaron ya fitar da su kunya.

Makon farko daɗi muka ji. Baba ya mayar da abin tamkar wasa, ya sha kunu ya kara waya ya ga kibiya ta miƙe sama, ya ci wake da ganye ya ga ta kwanta. Da kansa ya gano cewa tuwon shinkafa da ake yi masa da sahur shi ke tayar da suga, abin da Hajiya ta shekara tana faɗa bai saurara ba. Yana da kyau mai saye ya san hanyar da lambar ke bi. A ƙarƙashin faifar akwai wani siririn zare da ke shiga fata, yana auna sugan ruwan da ke tsakanin nama, shi ya sa yake ɗan makara da wasu mintuna a kan na jini. Daga nan lambar ta shiga waya ta NFC ko Bluetooth. In akwai data, wayar ta tura ta zuwa kwamfutocin kamfanin a ƙasar waje, daga can kuma duk wanda aka sa sunansa a asusun yana iya gani a tasa wayar, ko yana Gusau ko yana Legas. Wannan kashi na ƙarshe shi ne babu wanda ya gaya wa Baba.

Wata rana bayan an sha ruwa wayarsa ta yi ƙara. Mai shagon ne. Bayan gaisuwa ya ce, "Alhaji, na ga jiya da dare suganka ya kai 280, akwai wani garin magani da muka kawo, yana saukar da shi sosai." Bai tsaya nan ba, ya ƙara da cewa, "Shekaranjiya kuma na ga shiru tun safe har la'asar, ko an shiga ƙauye ne?" Lallai Baba ya shiga ƙauye a ranar, ya je duba dawa a wata kasuwa da babu sabis. Ya kira ni muryarsa a sanyaye ya ce, "Wanga abu da kunka manna mini, ashe gulma yake kaiwa?" Na yi ƙoƙarin kwantar masa da hankali, amma ni ma cikina ya ɗuri ruwa. Ban zargi mutumin da mugun nufi ba, har yanzu ina ganin ciniki yake nema. Amma duk wanda ke zaune a Zamfara ya san abin da ake nufi idan wani bare ya iya faɗin ranar da ɗan kasuwa ya bar gari da lokacin da ya dawo. Ba sai an ga taswira ba, giɓin da rashin sabis ke bari a jerin lambobin ya isa.

Daren nan na kwana ina karatu a waya, kuma abin da na fara cin karo da shi labaran masu kutse ne. A Agustan 2017 FDA ta sanar da cewa na'urorin daidaita bugun zuciya kusan 465,000 na kamfanin Abbott suna buƙatar sabunta manhaja, saboda wanda ke kusa zai iya yi musu kutse ya ƙarar da batir ko ya sauya bugun. A 2019 aka janye wasu na'urorin zuba insulin a jiki na kamfanin Medtronic don irin wannan dalili. A Janairun 2025 kuma hukumomin Amurka suka yi gargaɗi kan wani allon duba majiyyaci mai suna Contec CMS8000, irin wanda ake ajewa a gefen gado, cewa yana iya aika bayanan majiyyaci waje da zarar an haɗa shi da intanet. Waɗannan duk gaskiya ne, kuma wanda ke da na'urar da ke zuba magani ko sarrafa zuciya ya kamata ya tambayi likitansa batun sabunta ta. Amma sensar Baba karatu kawai take yi, ba ta zuba komai a jiki. Kuma babu wanda ya yi mana kutse. Mabuɗin ne tun farko ba a hannunmu yake ba.

Da safe na kama hanyar Ƙaura na karɓi wayar. Cikin saitin manhajar na ga imel ɗin da ban taɓa gani ba. A wurin masu bibiya, wato waɗanda ke ganin sakamakon a wayarsu, akwai sunaye biyu, ɗaya na shagon, ɗaya na wani da ba mu sani ba. An kuma ba manhajar izinin sanin inda waya take. Daga baya na fahimci cewa a wayoyin Android da ba su kai na 12 ba, sai an ba da wannan izini kafin manhaja ta iya neman na'ura ta Bluetooth, don haka ganinsa kaɗai ba hujjar cuta ba ce, amma a lokacin ya ƙara mini tashin hankali. Abin da na fara yi, kuma shi nake ba kowa shawara, shi ne na shiga saitin wayar na hana wannan manhaja ita kaɗai amfani da data. Ta ci gaba da karanta suga a gaban Baba, ta daina aikawa waje, WhatsApp ɗinsa kuma bai taɓu ba. Na ɗauki hoton kowane shafi kafin in taɓa komai.

Na dawo Gusau na nufi shagon. Mai shi ba ya nan, aka ce ya je tafsiri, na zauna a benci har ya dawo. Ya karɓe ni da mutunci, ya ce, "Malam, ai taimako muke yi, tsofaffin nan ba su iya waya ba, in mun ga abu ya ɓaci sai mu kira." Na ce na gode da taimako, amma wa ya nemi izinin Baba? Ya ce ai ɗanku yana tsaye aka yi. Na nemi kalmar sirri, ya ce yaro ya kawo littafi. Wannan littafin ne ya fi tsaya mini a rai. Littafin rubutu ne irin na 'yan makaranta, bangonsa ya yi laushi don shafa, ajiye a kan kanta kusa da na'urar POS. Kowane layi suna ne, lambar waya, imel, kalmar sirri, ranar da za a sauya sensa. Kalmar sirrin kusan iri ɗaya ce ga kowa, lambar ƙarshe kawai ke bambanta. Yaron na buɗe shafuka yana neman sunan Baba, idona ya faɗa kan sunan wata baiwar Allah ta unguwarmu da ban taɓa sanin tana da ciwon ba, kuma na tabbata ba ta so in sani. Sunan na biyu da ke bibiyar Baba kuwa, ashe na wani yaron shagon da ya bar aiki ne, an manta ba a cire shi ba.

An ba ni kalmar sirrin, amma da na duba sai na ga lambar da ake dawo da imel ɗin da ita ta yaron ce. Ko na sauya, duk ranar da ya so zai iya karɓe shi. Mafita ita ce sabon asusu gaba ɗaya. Nan ma aka samu wani cikas: irin sensar da muka saya, da zarar an tada ta da wani asusu ba ta karɓar wani. Ko dai mu ɓalle ta da sauran kwanakinta mu yi asarar kusan rabin kuɗin, ko mu jira. Muka cire sunayen biyu a gaban mai shagon, muka bar data a kashe, muka jira ta ƙare.

A tsakanin nan na je wurin wani lauya abokin karatuna, a ofishinsa bayan la'asar. Bai karɓi ko sisi ba. Ya ce, "Ka zo da magana mai tushe." Ya bayyana mini cewa Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta sa bayanan lafiya cikin masu tsananin sirri, ba a tattara su ko amfani da su haka kawai, balle don talla. Mai bayanai yana da haƙƙin ya nemi a gaya masa abin da aka riƙe a kansa, ya janye yardarsa, ya nemi a goge. In an ƙi, ana kai ƙorafi Hukumar Kare Bayanai ta Nijeriya, wato NDPC, kuma tarar ƙaramin mai kasuwanci tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa. Ya ƙara da cewa sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya wajabta ɓoye sirrin majiyyaci a cibiyoyin lafiya. Na ce, "Barista, ni fa ba kotu nake so ba." Ya yi dariya ya ce shi ma bai ce kotu ba, takarda kawai. Ya tsara mana wasiƙa shafi ɗaya da sunan Baba, tana neman a goge tsohon asusu, a cire layinsa daga littafi, a faɗa mana ko an ba wani lambarsa ko bayanansa, a kuma daina kiransa da talla. Ya ce Baba ne zai sa hannu da kansa tunda bayanansa ne, a buga kwafi biyu, mai shago ya sa hannu da kwanan wata a ɗaya mu riƙe. Bugawa da hoton katin NIN ba su kai naira 1,000 ba.

Na kuma rubuta wa sashen kula da abokan ciniki na kamfanin, da Turanci, don babu zaɓin Hausa. Amsa ta ɗauki kwanaki. Suka nemi lambar da ke jikin kwalin sensa, wanda Allah ya sa Hajiya ba ta jefar ba, suka kuma ce buƙatar gogewa sai ta fito daga imel ɗin da aka yi rajista da shi. Wannan ya sake mayar da ni shagon, wannan karon da wasiƙa a hannu. Fuskar mai shagon ta sauya da ya ga an ambaci doka, ya ce ai bai kai ga haka ba. Na ce ni ma fatana ke nan. Ya sa hannu. Muka zauna da yaron, ya aika buƙatar gogewa ina kallo, saƙon tabbaci ya shigo na ɗauki hotonsa. Layin Baba a littafi aka shafe shi da baƙin maka har ba a iya karantawa. Game da ko an ba wani bayanan, ya rantse ba a ba kowa ba, na karɓa a haka.

Sensa ta biyu a gida muka kunna ta, kuma da an yi haka tun farko da duk wannan bai taso ba. Na goge manhajar da aka turo, domin wadda ta bi ta hannun mutane ba ka da tabbacin ba a cusa mata wani abu ba, kuma ba ta sabunta kanta. Na buɗe wa Baba sabon asusun Google da layinsa da ke rajista da NIN ɗinsa, na kunna tabbaci mai mataki biyu, wato neman ƙarin shaida bayan kalmar sirri kafin a shiga, na sauke manhajar daga Play Store. Kalmar sirri na rubuta ta a takarda, tana cikin akwatin da yake ajiye takardun gida. Masu bibiya mutum biyu ne, ni da ƙanwata ma'aikaciyar jinya, kuma sai da aka tambaye shi ya ce ya yarda. Ya ƙi a sa ƙanena, wai zai hana shi cin dabino, muka bar shi a kan ra'ayinsa tunda jikinsa ne. Na sa wa wayar makulli, abin da bai taɓa yarda da shi ba sai yanzu. Wani abin lura shi ne kada garin kulle-kulle a kashe ƙararrawar da ke tashin mutum in suga ya faɗi cikin dare. A Fabrairun 2025 FDA ta yi gargaɗi cewa saitin waya irin na hana damuwa, ko sabunta manhajar wayar, ko haɗa ta da abin sauraro na kunne, suna iya sa ƙararrawar ta yi shiru. A wayar Baba tsarin tattalin batir ne ke rufe manhajar in an daɗe ba a taɓa ta ba, sai da na cire ta daga ciki. Duk lokacin da wayar ta sabunta kanta muna sake dubawa.

Da muka koma ganin likita bayan sallah, na tambaye shi ko za mu haɗa asusun da asibiti yadda zai riƙa gani daga ofis. Ya yi ɗan shiru, ya nuna kwamfutar da ke kan teburinsa ya ce mutum nawa ne ke zama a kanta a mako, shi kansa ba zai iya lissafawa ba. Ya ce ya fi son mu zo da wayar ya duba a gabanmu, ko mu buga rahoton kwana 14 a takarda a sa a fayil. Ya kuma roƙe mu kada mu riƙa jefa hoton sakamako a zauren WhatsApp na dangi ana neman shawara. Na ji daɗin gaskiyarsa. Wanda asibitinsa ya nemi haɗawa, ya tambaya wa da wa za su gani, da yadda ake cirewa in an sauya likita, kafin ya yarda.

Abu biyu suka biyo baya da ya dace in ambata. Gilashin wayar ya fashe, kafin a kai wa mai gyara sai da muka fita daga asusun, ƙanena kuma ya tsaya a kansa har ya gama, don masu gyara sun saba cewa a bar musu lambar buɗe waya. Na biyu, ba mu yar da tsohuwar na'urar huda yatsa ba. Mu da muka ga Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a duk faɗin Zamfara, mun san sabis ba abin jingina rai ba ne. In babu shi, sensa za ta ci gaba da nuna wa Baba lamba, amma ni a Gusau ba zan ga komai ba, ƙararrawa kuma ba za ta iso ni ba. Don haka Hajiya ta koyi alamomin faɗuwar suga, akwai sukari a ƙulle kusa da gado, kuma duk lokacin da lambar waya ta saɓa da yadda yake ji a jikinsa, yatsa ake hudawa.

Ba mu kai ƙorafi NDPC ba, tunda an yi mana abin da muka nema, kuma kiran talla ya tsaya. Sauran sunayen da ke cikin littafin nan kuwa ba ni da ikon neman a goge su, wannan haƙƙi na masu su ne. Na gaya wa mai shagon ya sauya tsari ya ce zai duba, mu kuma mun koma saye a wani wuri, a kwali a rufe. In an taɓa kunna maka sensa, ko na'urar auna hawan jini mai haɗuwa da waya, a wani shago, buɗe manhajar ka shiga saiti ka karanta imel ɗin da ke ciki, sannan ka duba jerin masu bibiya. In ka ga wanda ba ka sani ba, ka fara da kashe wa manhajar data, ka ɗauki hoto, kuma kada ka jefar da kwalin.